Gidan 'Yan Loji na Bayan Tashar Ƙaura

Shekaru sun goge mani abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na lalubo kafin in kira su. Amma abin da ya faru a gidan dutsen nan na bayan tashar jirgin ƙasa, a daminar da mutanenmu na Dauran suka yi gudun hijira zuwa Ƙaura, ba zai fita raina ba har ranar da za a kai ni makwancina.

Tun ina amarya, da aka kawo ni unguwar da ke jikin layin dogo, na tarar da gidan. Dogon gini ne na dutse, da rufin kwano mai kauri irin na da, tagoginsa can sama dab da rufi, inda ko jaki mutum ya hau ba zai iya leƙawa ba. A saman ƙofar an sassaƙa wasu abubuwa biyu a haɗe, ɗaya kamar ma'aunin kusurwa na magina, ɗaya kamar almakashi a buɗe. Gidan 'yan loji ake ce mishi. Da na tambayi uwar mijina ko su wane ne 'yan loji, sai ta ce in kama bakina, masu shan jini ne, kuma kada ta ƙara jin sunan a gidanta.

Baki na kama, amma ido ba ya kamuwa, ni kuwa Allah ya yi ni da ido. In na taka turmi zan shanya wanki a kan katanga, nakan hango su jifa-jifa da yamma. A lokacin sun riga sun ƙare, 'yan tsofaffi ne kaɗan, cikin baƙaƙen kwat duk da zafin Ƙaura, kowa da 'yar jakarsa a hannu. Su shiga ɗaya bayan ɗaya, a rufe ƙofa, wani ya zauna a kujera daga waje da takobi a kan cinya. Can anjima sai ƙamshin soyayyar albasa ya cika unguwa. Nakan ce a raina, su dai masu shan jinin nan akwai son albasa.

Daga baya suka daina zuwa. Aka zuba gyaɗa a gidan, aka zuba auduga, jirgi ya yi ta ja da baya har ya zama sai an yi sa'a a ji kukansa, aka garƙame ƙofa aka bar wa mai unguwa makulli. Labari kuwa sai ƙaruwa yake yi. Wai akwai rami a ƙarƙashin daɓen inda ake jefa mutane. Wai an sha ganin akwatin gawa yana shiga, ana kuma ganin jini bayan gidan. Na hana 'ya'yana zuwa wajen, na hana jikoki, wanda ya ƙetare ya sha tsumagiya. Ban gaskata duk abin da ake faɗa ba, amma ban son yaro ya raɓi abin da ni kaina ban san kansa ba.

To, da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukan Dauran, mata da yara suka yi ta kwararowa, wasu a mota, wasu a kabu-kabu, wasu a ƙafa. Makarantar firamare ta cika har baranda. Da ayarin ƙarshe ya iso ga damina ta kankama, mai unguwa ya rasa inda zai sa su, sai ya ɗauko makullin nan ya buɗe musu gidan dutse, bai gaya musu ko gidan mene ne ba. A cikinsu akwai ɗiyar ƙanena marigayi, da tsohon ciki, cikin fari, haihuwa yau ko gobe. Mijinta ya tsaya Zurmi da 'yan shanun da suka tsira, ita kuma ta biyo surukarta.

A al'ada wurina ya kamata ta sauka ta haihu, tunda ba uwa ba uba, ni ce gwaggonta. Amma a lokacin ƙyanda ta kwantar da jikokina a gida, ɗaki biyu ne kuma gare mu. Wanda ya san ƙyanda ba ya kai jariri inda take.

Washegari na dama koko na nufi wajen. Tun daga nesa na ga abin da ya ɗaure mani kai. Takalma ne jere reras a bakin ƙofa, manya da ƙanana. Yarinyar kuwa tana waje gindin darbejiya, an ɗaura mata buhu da leda a kan reshe, tabarmarta sharkaf da ruwan da aka yi da asuba.

Na ce, "Ke, mi kike yi nan waje?"

Ta ce, "Gwaggo, Inna ta ce ba ni kwana cikin masallaci, kada haihuwa ta zo mani ciki."

"Wane masallaci?"

Kafin ta amsa sai ga surukar ta fito. Gajeruwar mace ce mai kaurin murya, mun san juna tun muna 'yan mata a Dauran, kuma tun a lokacin ba a gaya mata magana ta ɗauka. Ta ce, "Haba Yaya, ke da ke zaune birni shekara da shekaru, ba ki gane masallaci in kin gan shi? Shigo ki gani."

Tun zuwana Ƙaura ban taɓa taka dokin ƙofar nan ba. In faɗi gaskiya, son in gani ya fi tsoro yawa. Na tuɓe takalmi don kada su ce na raina su, na yi bisimilla na shiga.

Ɗaki ne guda, dogo, mai sanyi. Daɓen tsakiya baƙi da fari ne, gida-gida, kamar an shimfiɗa zanen saƙi. Rufin daga ciki an taɓa shafa mishi shuɗi, har ana iya ganin sauran 'yan taurari da aka zana. Ginshiƙai biyu na tsaye kusa da ƙofa, ba abin da suke ɗauke da shi. A jikin ƙyauren akwai 'yar taga da ba ta wuce tafin hannu ba. Can ƙurya kuma, ta gabas sak, an ɗaga wuri an yi mishi 'yan matakala. A gefe ɗaya akwai wata ƙaramar ƙofa da tsohon kwaɗo.

Surukar ta nuna gabas ta ce, "Ga alƙibla, ga mumbari. Wa ka yin gini shi duba gabas, shi yi wurin hawan liman, in ba masallaci ba? Mun roƙi Allah gafara da munka kwana ciki, lalura ce. Amma jinin biƙi cikin ɗakin Allah? Ba da ni ba."

Na auna abin a raina. In na ce gidan 'yan shan jini ne, duk za su watse, su tafi ina? In na yi shiru, yarinya za ta haihu gindin itace cikin ruwa. Na ajiye kokon na wuce wajen ungozomar unguwarmu, ko ita tana da dabara. Tana jin inda yarinyar take ta dafe ƙirji.

"Can? Ko inuwar gidan ba ni takawa. So kike a shanye jaririn tun bai yi kuka ba?"

A hanyar komawa na yi ta juya abin. Mutanen ƙauye sun ce masallaci, mutanen gari sun ce gidan tsafi, kuma a cikinmu duka ba wanda ya taɓa zama da wanda ya san gidan. Sai na tuna mai takobin nan yana da ɗa, wani Bayarabe tela a Sabon Gari, haihuwar Ƙaura, wanda ya taɓa ɗinka wa mijina kaftani. Ban san ko yana raye ba. Na tare kabu-kabu na ce a kai ni layin teloli.

Na same shi zaune bakin shago, ya tsufa tukuf, ido ya yi hazo, 'ya'yansa ke taka keke yanzu. Muka gaisa na ce, "Baba, tambaya ta kawo ni. Gidan dutsen bayan tasha."

Ya yi dariya har da tari. Hausarsa ta fi tawa zama ta Zamfara. Ya ce, "Ikon Allah. Tunda babana ya rasu ba wanda ya tambaye ni gidan nan. Kowa ya riga ya sani, ai. Zauna, Hajiya."

Ya ce lokacin da layin dogo ya iso Ƙaura ya tsaya, ya kawo baƙi iri-iri: akawuna da direbobin jirgi daga kudu, Turawan kamfanin gyaɗa, da Larabawan nan da muke ce wa Kwara. Wasu daga cikinsu 'yan wata ƙungiya ce ta maza zalla, ita ce lojin, da suka zo da ita daga garuruwansu, mai rantsuwa da gaisuwar hannu tasu ta daban. Su suka haɗa hannu suka sa magina 'yan gari suka fasa dutse suka yi ginin. Babansa ɗan ƙungiyar ne, aikinsa tsaron ƙofa. Da rikici ya sa 'yan kudu suka kwashe, Turawa suka koma gida, cinikin gyaɗa ya mutu, sai suka ragu suka zama 'yan tsofaffin da nake hange, har na ƙarshensu ya miƙa makulli ya hau jirgi.

Na ce, "Jinin da ake gani bayan gidan fa?"

"Rago ne. Mahaucin unguwarku ke yankawa, don akwai Musulmi cikinsu. Uwata ke dafawa. Kan ragon nan na ci shi har ya gundure ni."

"Akwatin gawa fa? An gani, ba sau ɗaya ba."

"An gani kam. Baƙo in ya mutu nan ba shi da kowa. Su ke yi mishi akwati, ya jira jirgi cikin gidan, su sa matarsa da 'ya'yansa su raka shi garinsu."

"Takobin?"

"Ko kabewa ba ya yankawa. Na korar masu leƙe ne, kuma ni ya fi kora da shi."

Na matsa kusa na ce, "To Baba, in sun rufe ƙofa, mi suke yi ciki?"

Ya ce, "Wannan ban sani ba. Na tambayi babana sau ɗaya, ya dube ni ya ce in tafi in ɗebo ruwa. Har ya koma ga Allah bai faɗa ba. Na dai sha jin bugun guduma a kan tebur, da waƙa, wani lokaci da dariya. Ba zan ce miki na san abin da ban sani ba."

Wannan maganar ce ta sa na yarda da sauran. Da ya ce mani ya san komai, da na tashi na bar mishi shagonsa. Sai na yi tambayar da ta kawo ni, na ce an taɓa kiran salla a gidan? Ya ce ko sau ɗaya. Musulmin cikinsu fitowa suke yi su yi magariba gindin itace su koma. Wurin da aka ɗaga ta gabas kuwa kujerar shugabansu ce, wai inda rana ke fitowa.

Bayan azahar na tattaro su: tsohon a bayan babur ɗin ɗansa, limamin unguwa, da mai unguwa wanda tun safe yake guje mani. 'Yan kallo suka biyo mu suka tsaya nesa-nesa. Tsohon ya tsaya bakin ƙofa ya maimaita abin da ya gaya mani. Ni a lissafina, da an ji ba masallaci ba ne shi ke nan, a shigar da yarinya. Ashe ban lissafa da kyau ba.

Surukar ta saki salati. "Ƙungiyar asiri? Ashe gidan matsafa munka yi ta sa goshi ƙasa?"

Wata daga cikin 'yan kallo ta ɗaga murya ta ce ai har rami akwai a ciki, mai unguwa ya sani ya rufe su. Nan take wuri ya hargitse. Mata suka shiga naɗe tabarmi, ana fizgo yara, ana ɗaure ƙunshi. Na waiga wajen darbejiya, na ga yarinyar ta rungume gindin itacen tana cije leɓe, zufa na zuba. Na ɗaga kai gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Liman ya yi ta ɗaga hannu har aka saurara. Ya ce wurin da ba a taɓa keɓe shi don salla ba, ba masallaci ba ne, ko ina ya duba. Sallar da suka yi a ciki kuma ta yi, tunda wurin da tsarki. Abin da masu gidan suka yi sun tafi da shi, tsakaninsu da Mahaliccinsu. A share, a wanke, a yi karatu, a zauna. Magana ce mai kyau, amma na lura ba shi suke kallo ba. Duk idanu na kan 'yar ƙofar nan mai kwaɗo.

Na ce wa mai unguwa, "Ina makullin wannan?"

Ya ce ba a ba shi ba, shi ma bai taɓa buɗewa ba.

Na ce, "To ka yi mani izini."

Ban jira ya gama gyaɗa kai ba na karɓi taɓarya hannun wata yarinya. Na fara bin daɓen ina dokawa, baƙi da fari, tun daga ƙofa har gabas, kowa na jin ƙarar. Ko'ina tim, tim, ba inda ya yi amon rami. Sannan na je na ba kwaɗon nan duka biyu, ya faɗi. Na kama 'yar ƙofar na ja. Tun ina taka turmi nake son ganin abin da ke cikin gidan nan, ba kuma zan mutu ban gani ba.

Jemagu suka fara yo waje, mata suka kwasa da ihu har wata ta taka ƙullin garinta. Da ƙura ta lafa na leƙa. Ɗan ɗaki ne kamar rumbu. Karyayyun kujeru da gara ta cinye, tarin kwanonin cin abinci duk tsatsa, fitilar ƙwai ba gilashi, ruɓaɓɓun buhunan gyaɗa, da 'yar gudumar katako. A ƙasa kuma ga duwatsu biyu, kowanne ya kai girman ƙwaryar fura. Ɗaya gargaje, kamar yanzu aka faso shi. Ɗaya an gyare shi sumul, kusurwa huɗu. Na mirgino su waje.

Na ce, "Baba, waɗannan fa?"

Ya durƙusa ya shafa su da hannu, ya daɗe yana shafawa. Ya ce, "Na san su. In muna shara nakan gan su can gaba, ɗaya nan ɗaya can. Amfaninsu kuwa, Allah ya sani."

Kowa ya zuba wa duwatsun ido. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za a ce a kansu ake yanka. Sai surukar ta ajiye ƙunshinta, ta zo ta tsuguna. Ta juya gargajen, ta shinshina, ta kankare shi da farce. Ta juya mai sumul ɗin, ta auna tsayinsu da tafin hannu. Tunda suka iso take ƙorafin ba ta da inda za ta girka babbar tukunyar wankan jego, sun baro komai a gida.

Ta ce, "Wanga dai dutsi ne. Tsawonsu guda. A samo mani na ukku, sun yi murhu."

Wata ta fashe da dariya, wata ta kama, sai ga shi har liman yana rufe baki da gefen rawani. Ba duka suka zauna ba, kada in ƙara gishiri. Gida biyu suka ɗauki kayansu suka koma barandar tasha, suka ce su ba su iyawa, ban kuma ga laifinsu ba. Sauran suka kwance ƙunshi. Aka fitar da maza, aka yi shara da gaggawa, muka kamo yarinyar ni da surukarta muka shigo da ita daidai lokacin da iska ta fara kaɗa kwano. Surukar da kanta ta zaɓi wurin da ta kira mumbari, ta ce ya fi tudu, sanyin ƙasa ba zai kama mai jego ba. Aka kewaye shi da zannuwa.

Ungozoma ta zo, don na aika mata cewa in ba ta zo ba kada ta ƙara gaishe ni. Amma ta rantse ba ta shiga. Ta tsaya waje ta manna baki a 'yar tagar ƙyauren nan tana ba da umarni. "Ku ɗaga ta! Ku ce ta yi nishi! Ke tsohuwa, ba haka aka riƙo ba!" Surukar ta ce, "In kin iya ki shigo, in ba ki iya ki yi muna shiru." Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya jiƙa ungozomar har zane na ɗiga. Can sai muka ji an turo ƙofa, ga ta tana addu'a tana taka farin daɓe kaɗai, tana tsallake baƙin. Kafin a kira la'asar ta yanke cibiyar ɗiya mace, mai ƙarfin kuka, har ɗakin na amsawa.

A kan duwatsun nan aka dafa ruwan wanka safe da yamma har aka yi arba'in, da ganyen darbejiyar da yarinyar ta kwana gindinta. Suka yi baƙi da hayaƙi, ba mai iya bambanta gyararre da gargaje. Tsohon tela ya aiko wa jaririyar 'yar riga ranar suna, ya ce a gaya mani ya ji daɗi da aka sake dafa abinci a gidan. Bai ga wata daminar ba.

Har yau ban san abin da mutanen nan suke faɗa ba in sun rufe ƙofa, kuma na haƙura, wanda zai gaya mani ba ya duniya. Ban ce abin da suke yi daidai ne ba, ban ce ba daidai ba ne, ban gani ba. Abin da na koya shi ne, mutum na iya tsufa jikin abu yana tsoronsa ko yana girmama shi, alhali sunan da ya ba shi gadonsa ya yi daga bakin wanda shi ma bai tambaya ba. Mu da baƙinmu, kowa ya tabbata ya san gidan nan, kuma tabbacinmu ya kusa sa yarinya ta haihu cikin ruwan sama, ga mai amsa yana zaune Sabon Gari shekara da shekaru ba wanda ya je. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mani magana ya ce ai kowa ya sani, nakan ce ya zauna tukuna, ya faɗa mani wa ya gani da idonsa, kuma ina ne gidansa, in je in tambaye shi tun yana da rai.